Gumin da Hoto Ba Ya Nunawa

Wata ranar Asabar da yamma ina zaune a tsakar gida ina duba littattafan 'yan ajina, sai 'yata ta fari, mai shekara 14, ta zo da wayar mamarta a hannu. Ta ce, "Baba, dubi wannan." Na duba. Ga wata budurwa tsaye a kan dutse a bakin ruwa, sanye da sulke mai walƙiya kamar azurfa. Gashin kanta shuɗi ne, ya sauko har gwiwa. Idanunta jajaye, takobin da ta riƙe kuwa ya fi ta tsawo. Rana tana faɗuwa a bayanta. Ba ƙura a jikinta, ba gumi, ba ko ƙurji ɗaya a fuskarta.

'Yata ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Wasu kam Allah ya gama musu komai. Ni ko hotona ba na son gani."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na daɗe ina koyarwa, na kuwa san ba ita kaɗai take irin wannan tunani ba. Yaranmu suna kallon hotuna irin wannan kowace rana, suna auna kansu da su, kullum kuwa su ne suke faɗuwa a awon. Sai na ce mata ta ba ni mako biyu in bincika yadda ake yin irin wannan hoto. Abin da na samu shi ne nake so in gaya wa iyaye da matasa masu karanta wannan mujalla.

Mene ne shigar kwaikwayo?

Abin da budurwar nan take yi, Japanawa suna ce masa "kosupure". Sun harhaɗa kalmar ne daga kalmomin Turanci biyu, ɗaya tana nufin tufafi, ɗaya kuma wasa. Mu sai mu ce shigar kwaikwayo. Mutum yakan zaɓi wani jarumi ko jaruma daga littafin zane, ko fim, ko wasan kwamfuta, ya yi irin shigarsa tun daga kai har ƙafa, ya kuma kwaikwayi tsayuwarsa da kallonsa. Wanda ya taɓa ganin yaran unguwa sun manna gemun auduga suna dogara sanda a lokacin tashe, ya ga ɗan abin da ya yi kama da shi. Amma waɗannan yawancinsu manya ne, sukan kuwa ɓad da watanni da kuɗi mai yawa a kan shiga guda.

Abin ba na jiya ba ne. A shekara ta 1939 aka yi wani taron masu son labaran ƙirƙira na kimiyya a birnin Niyu Yok na Amurka. Mutum biyu, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, suka zo taron sanye da tufafi irin na mutanen zamani mai zuwa. Ita Myrtle ce ta tsara tufafin, ta kuma ɗinka su da hannunta. Daga nan al'adar ta kama. Sunan "kosupure" kuwa wani marubuci ɗan Japan, Nobuyuki Takahashi, shi ne ya sa shi a wata mujalla a 1983.

A Japan ne abin ya fi bunƙasa. Akwai wata babbar kasuwar littattafan zane a Tokiyo da ake kira Komiket. An fara ta a watan Disamba na 1975 da mutum wajen 700. Ana yinta sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba, kuma tun 1996 a wani ƙaton zaure mai suna Tokyo Big Sight ake yinta. A Disamba na 2019 an ƙidaya shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Dubban masu shigar kwaikwayo sukan je can domin a ɗauke su hoto. A birnin Nagoya kuma, tun 2003 ake taron masu wannan shiga na duniya, a 2005 aka ƙara masa gasa. Ƙasashe fiye da 30 suna aika wakilai bibbiyu. Har a Legas an fara taro irin wannan a 2012. Ashe abin ba shi da nisa da 'ya'yanmu kamar yadda muke zato.

Aikin watanni

Dokar gasar Nagoya ta ce dole masu gasa su yi tufafinsu da hannunsu. Ko a wajen gasa ma, da yawa suna ganin daraja ce mutum ya ce, "Ni na yi." To, bari mu ga abin da wannan "ni na yi" ya ƙunsa.

Da fari, wanda ya zana jarumin nan a takarda bai damu da ko mutum mai nama da jini zai iya sa tufafin ba. Yakan zana riga ba maɓalli, sulke ba maɗauri, fukafukai ba abin da ya riƙe su. Mai shigar kwaikwayo ne zai zauna ya yi ta nazarin zanen ta gaba da ta baya, ya yi tunanin inda zai ɓoye zif, da yadda zai rataya nauyi a kafaɗa. Sa'an nan ya yanka samfuri a takarda, ya gwada da yadi mai araha, ya warware, ya sake.

Sulken da muke gani kamar ƙarfe, yawanci ba ƙarfe ba ne. Wani irin soso ne mai tauri, irin wanda ake yin silifa da shi. Akan yanka shi da wuƙa mai kaifi, a gasa shi da na'ura mai hura iska mai zafi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi yadda ake so kafin ya huce. Sai a haɗa gutsattsarin da gam mai ƙarfi, irin na masu gyaran takalmi, wanda warinsa yake sa ciwon kai in ɗaki a rufe yake. Bayan haka a goge da samfefa, ƙura ta cika ɗaki. A shafa fenti, a jira ya bushe, a sake shafawa, a sake jira. Daga ƙarshe a ɗauki ɗan buroshi a zana tsatsa da saran takobi, domin sulken ya yi kamar ya sha yaƙi. Yankan wuƙa a yatsa da ƙunar gam mai zafi kuwa, kowa a cikinsu yana da tabonsa.

Gashin nan shuɗi hular gashi ce ta zaren roba. Sau da yawa ba a sayenta a gyare. Sai an aske, an taje, an ƙara mata gashi, an daskarar da ita da gam da feshi har ta tsaya yadda take a zane. Jan idon kuma wani ɗan gilashi ne mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Wannan ba abin wasa ba ne, gama in bai dace da idon ba, ko ba shi da tsabta, yana iya ji wa ido rauni har ya taɓa gani. Shi ya sa Amurka tun 2005, Japan kuma tun 2009, suka sa shi a cikin kayan da hukumar lafiya take lura da su, ko da na ado ne kawai.

Yawancin masu wannan aiki ɗalibai ne ko ma'aikata. Da dare suke yinsa, bayan sun tashi daga makaranta ko ofis, da kuɗin aljihunsu. Kaɗan ne ƙwarai suke cin abinci da shi. Akwai irin su Enako, wata 'yar Nagoya, wadda masu kyamara ɗaruruwa sukan kewaye ta a Komiket, har gwamnatin Japan ta naɗa ta jakadiyar al'adun zamani a 2020. Amma a bayan kowace Enako akwai dubbai da ba wanda ya san sunansu. Kuma da yake aiki kullum yakan fi lissafi, su da kansu suna ba'a da cewa daren jajibere ba a barci. Akan kwana ana ɗinki, fenti bai gama bushewa ba a sa kaya a akwati.

Ranar ɗaukan hoto

Masu ɗaukan hoto sun fi son hasken sa'a ta fari bayan fitowar rana, da na sa'a ta ƙarshe kafin faɗuwarta, domin a lokacin ne haske yake da taushi. Wanda yake son hoton safe, sai ya tashi tun kafin asuba. Kwalliyar fuska kaɗai tana iya cin awa biyu ko uku. A ɗaure gashin kai, a danne shi da raga, a kafa hular gashi da filoli masu sukar fatar kai. Akan ja fatar fuska da salatif a ɓoye a ƙarƙashin gashi domin ido ya yi kama da na zane. Sulke kuwa sau da yawa mutum ba ya iya sa shi shi kaɗai, sai wani ya ɗaura masa.

Da an gama ɗaurawa, wahala ta soma. Soson nan ba ya barin iska ta shiga. Hular gashi tana riƙe zafi kamar an kifa tukunya a kai, in tana da nauyi kuwa takan kawo ciwon kai da na wuya. Wani ba ya iya zama, wani ba ya iya sunkuyawa, mai kwalkwali ba ya ganin gefensa. Abin da ya fi haɗari shi ne, da yake kwance kayan domin zagawa bayan gida babban aiki ne, da yawa sukan ƙi shan ruwa, su kuma ƙi cin abinci don kada jan baki ya goge.

Sai tsayuwa. Mai karatu, gwada wannan a gida: ɗauki taɓarya, ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka lanƙwasa gwiwa, ka juya wuya, ka tsaya haka minti ɗaya ba motsi, fuskarka kuwa kada ta nuna komai. In ka gama, ka sake sau talatin. Haka suke yi. Mai kyamara yana cewa, "Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Gashi ya rufe ido, a sake." In hoton tsalle ake so, sai a yi ta tsalle da takalmi mai tsini har ƙafa ta yi kanta. In ana so alkyabba ta tashi kamar iska ce ta ɗauke ta, wani ne yake wurga ta sama ya ruga ya fita daga hoton kafin a danna. Gajimare ya rufe rana, a jira. Maɗauri ya tsinke, a nemi gam. Rana kuwa ba ta jiran kowa.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan sana'a karin maganar ba ta aiki, domin dukan gwanintar ita ce kada fuska ta faɗi abin da jiki yake ji.

A wurin babban taro abin ya fi tsanani. A Komiket an hana mutum ya taho daga gida da shigarsa. Sai ya jawo akwatinsa a jirgin ƙasa, ya bi layi, ya biya kuɗi, ya shiga ɗakin sauya tufafi da ɗaruruwan mutane, sa'an nan ya fita fili. Watan Agusta kuwa shi ne tsakiyar zafin Tokiyo, zafi mai gumi irin wanda ba ya bushewa a jiki. A Agusta na 2013 zafi ya yi tsanani har mahalarta suka ga wani abu kamar hazo ya taru a ƙarƙashin rufin zauren, daga gumi da numfashin jama'a. Masu ba da agaji sun sha ɗaukar waɗanda zafi ya kayar. Taron Nagoya ma a tsakiyar zafin nan ake yinsa. Mutum biyu za su yi aikin watanni, su ƙetare teku da akwatunan kaya, domin wasan minti biyu da rabi a kan dandamali.

Akwai wata gajiya kuma wadda ba ta jiki ba. 'Yan mata da yawa sun sha kuka da maza masu taɓa su, ko masu ɗaukansu hoto ba izini. Abin ya kai ga manyan taruka a Amurka, irin na Niyu Yok a 2014, suka kafa alluna masu gargaɗi cewa shigar mutum ba izini ba ce ga kowa ya taɓa shi.

Bayan an tashi

Rana ta faɗi, an kwance kaya, jiki duk shaidar maɗauri da kumburi. Amma aiki bai ƙare ba. A yini guda akan ɗauki hotuna ɗaruruwa, a zaɓi kamar biyar ko goma. Waɗannan ma sai an zauna a gaban kwamfuta an gyara su da manhaja irin su Photoshop. A goge gumi, a share ƙurji, a ɓoye inda gam ya fito, a cire kwandon shara da yake bayan mutum, a ƙara wa sama ja. Abin da 'yata ta gani, ko ita budurwar da take cikin hoton ba ta taɓa ganin kanta haka a madubi ba.

Mu lura kuma da waɗanda ba sa cikin hoton. Akwai mai riƙe farin faifai yana mayar da hasken rana a fuskarta har hannunsa ya sage. Akwai mai ɗaukar jaka da laima da gorar ruwa. Akwai mai wurga alkyabba. Mutum ɗaya ake gani, amma aikin mutum huɗu ne ko biyar.

Laifina

Ina cikin karanta waɗannan abubuwa sai na tuna da wani abu da ya faru a makarantarmu, kunya ta kama ni. Wata shekara muka shirya wasan kwaikwayo na Ista. Ni aka ba aikin kayan sojojin Roma. Mako uku ina yankan kwali da dare, ina shafa masa fenti mai ruwan azurfa. Kwalkwali da ƙwarya na yi shi, na kafa masa tsintsiya da aka rina ja. Ranar wasa muka ɗaure yara shida da igiya tun da safe. Mai hoto ya makara, bai iso ba sai da rana ta take, ga shi kuwa watan Afrilu ne. Na jera yaran a fili, ina ta cewa, "Ku tsaya sosai, sau ɗaya ya rage." Ana danna kyamara, sai ƙaraminsu ya sulale ƙasa. Ashe tun safe bai sha ruwa ba, yana tsoron kada ya ce zai zaga in yi faɗa a kan kwance igiya. Mun gode wa Allah, da aka kai shi inuwa aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo.

Hoton yana nan har yau. Duk wanda ya gani yakan ce, "Kai, dubi ƙaramin nan, soja sosai!" Ni kaɗai na san abin da ya faru bayan ƙiftawar ido. Na fi kula da kwalina fiye da yaron da yake cikinsa.

Abin da za mu koya

Na fari, mu girmama aikin hannu. Ba dukan abin da yake cikin wannan al'ada ne ya dace da mai bi ba. Akwai shiga mai nuna tsiraici, akwai kuma labaran da suke ɗaukaka sihiri da zub da jini. Wajibi ne iyaye su san abin da 'ya'yansu suke kallo. Amma ɗinki, da zane, da sassaƙa, da haƙurin sake aiki sau goma, waɗannan baiwar Allah ce. A Fitowa sura 31 mun ga Ubangiji ya kira Bezalel da Oholiyab da sunansu, ya ba su gwaninta domin aikin alfarwa da tufafin firistoci. In ɗanka yana yanka kwali yana ƙera abubuwa, kada ka ce ɓata lokaci ne. Nuna masa tela ko kafinta a cikin ikilisiya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gara yaro ya koyi gudun tun yana ƙarami da ya zauna yana haɗiyar yawu a kan zomon wani.

Na biyu, jiki ya fi tufafi. Ba hoton da ya isa mutum ya hana kansa ruwa ko barci dominsa. Wannan gargaɗi bai tsaya ga mutanen Tokiyo ba. Amaryar da aka ɗaure da kaya tun safe ba ta ci komai ba, 'yan mawaƙa da suke tsaye a rana da manyan riguna, yaran wasan Kirsimati, duk namu ne. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, abin da Ubangiji ya fara ba shi barci ne, da abinci, da ruwa. Duk mai shirya wani abu da yara, ya sa ruwa da inuwa da hutu a cikin shirinsa kafin ya sa mai hoto. Haka kuma matashin da yake so ya shiga irin wannan aiki ya zauna tukuna ya lasafta kuɗi da lokaci, kamar mai ginin hasumiya da Ubangiji Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 14, kada kuɗin makaranta ya tafi a kan gashin roba.

Na uku, kada mu auna ranmu da hoton wani. Wannan shi ne ya fi damuna. Yarinya tana auna fuskarta ta safe da hoto ɗaya da aka zaɓa daga cikin ɗaruruwa, bayan watanni na shiri da awoyi na gyara. Wannan awo ba na gaskiya ba ne. Su masu shigar kwaikwayo sun san wasa suke yi, da yamma sukan tuɓe su koma kansu. Mai kallo ne yake cikin haɗarin ɗaukar wasa a matsayin gaskiya. Mu tuna da Dawuda a 1 Sama'ila sura 17. Sarki Saul ya sa masa kwalkwalinsa da sulkensa, da a ce akwai kyamara a ranar, da hoton ya yi kyau ƙwarai. Amma yaron ya kasa tafiya da su. Ya tuɓe, ya ɗauki sandarsa da majajjawarsa da duwatsu biyar, ya fita yadda Allah ya shirya shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Da mako biyun suka cika, na kira 'yata muka zauna. Na nuna mata wasu hotunan da masu wannan shiga da kansu suke sakawa na bayan fage: ga jaruma zaune a ƙasa ta cire takalmi, hular gashi a cinya, ƙawarta tana yi mata fifita da kwali. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya ta ce, "Baba, ashe ita ma tana gumi." Na ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata. Ta yi aiki, aikinta kuma abin yabo ne. Amma ba ta fi ki zama aikin hannun Allah ba."

Ban ce damuwarta ta ƙare a ranar ba, domin irin wannan magana sai an yi ta maimaitawa. Amma ta roƙi mamarta ta koya mata taka keken ɗinki, ta kuma ce ita za ta yi rigunan masu hikima na wasan Kirsimati na bana. Na yarda, da sharaɗi ɗaya: kowane yaro zai sha ruwa kafin a ɗaura masa rawani.

Iyaye, in yaro ya kawo muku hoto irin wannan, kada ku ƙwace wayar da faɗa, kada kuma ku kau da kai. Ku zauna tare, ku tambaye shi: Wa ya yi wannan aiki? Kwana nawa ya ci? Su wane ne ba a gani a ciki? Ubangiji da yake ganin abin da kyamara ba ta ɗauka, ya ba mu da 'ya'yanmu idon ganewa. Amin.